Neman kakanni a hotunan tsofaffin rajista da ba a yi wa fihirisa ba

Idan mutum ya rubuta sunan kakansa a akwatin bincike na FamilySearch, dandalin binciken salsala a intanet, ko wani dandali irinsa, amsa ta dawo cewa babu, abin da aka gaya masa bai kai yadda yake zato ba. Akwatin nan ba ya karanta tsofaffin littattafai. Abin da yake dubawa fihirisa ce, wato jerin sunayen da wani mutum ko wata manhaja ta kwafo daga hoton takarda aka buga a kwamfuta. Shafin da ba a kwafi sunayensa ba, ko da hotonsa yana nan a intanet sarai kuma kyauta, akwatin bincike bai san da zamansa ba. Sunan da ake nema yana iya kasancewa a hoto na 412 na wani littafin rabon gado, kuma babu mai ganinsa sai wanda ya buɗe littafin ya bi shi da ido.

Dalilin wannan giɓi a fili yake: kyamara ta fi mai karatu sauri. Ƙungiyar da yau ake kira FamilySearch, wadda cocin Momon ke gudanarwa daga birnin Salt Lake City a jihar Yuta ta Amurka, an kafa ta a 1894, kuma ta fara ɗaukar hoton takardu a kan siririn fim a 1938. Kafin ta daina, ta tara naɗin fim kusan miliyan 2.4 daga ƙasashen duniya, ta adana su a wata ma'ajiya da aka haƙa cikin dutse. A watan Satumba na 2021 ta sanar cewa ta gama mayar da su duka hotunan kwamfuta. Ɗaukar hoton shafi ɗaya aikin daƙiƙoƙi ne. Karanta shi kuwa, idan yana ɗauke da sunaye arba'in cikin rubutun hannun akawun da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, aikin zama ne. Lokacin da aka saki ƙidayar Amurka ta 1940, ranar 2 ga Afrilu 2012, hotuna ne kusan miliyan 3.8 masu ɗauke da mutum miliyan 132, babu fihirisa ko ta layi ɗaya. Sai da dubban masu aikin sa kai suka duƙufa wajen wata huɗu kafin a iya neman suna a cikinta. Wannan kuwa takarda ce da miliyoyin mutane ke ɗokin gani. Littafin harajin wani ƙaramin gari, ko rajistar kotun wata gunduma, ba zai samu irin wannan gayya ba, kuma yana iya shekara da shekaru bai shiga layi ba.

Tambayar da ake fara yi

Wanda zai shiga hotunan da ba su da fihirisa dole ya ajiye suna a gefe tukuna. Tambayoyinsa uku ne: a ina mutumin ya zauna, a waɗanne shekaru, kuma wane ofishi ne a wancan lokacin yake da alhakin rubuta abin da ya same shi. Ba a tara takardun tarihi bisa iyali ba. An tara su ne bisa hukumar da ta rubuta su, kuma haka aka ɗauke su hoto.

Ta ukun nan ita ce ke kayar da mutane, domin iyakoki suna motsi, takardu kuwa suna zama inda aka rubuta su. A Amurka idan aka tsaga gunduma biyu, littattafan cinikin filaye da na wasiyya da aka rubuta kafin tsagawar suna nan a tsohuwar gunduma. Iyali na iya zama a gona ɗaya shekara hamsin, amma takardunsu su warwatsu a kotunan gundumomi uku. Mu ma muna da irin wannan a gida. Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano a farkon mulkin Turawa, aka mayar da ita Lardin Zariya a 1926, ta zama lardi mai zaman kansa a 1934. Mai neman takardar 1915 a kan wata gundumar Katsina, fayilolin Lardin Kano zai fara dubawa. Haka wanda garinsu yake Jigawa a yau: jihar ba ta wanzu ba sai 1991. A Nijar kuma Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa kafin a koma Yamai a 1926, kuma a takardun Faransawa Zinder za a ga an rubuta. Saboda haka kafin a buɗe hoto ko ɗaya, a rubuta a takarda: sunan garin a yau, sunansa ko rubutunsa na da, da gunduma da lardin da yake ciki a kowane zango na rayuwar mutumin.

Ƙofofin shiga

A FamilySearch sai an buɗe asusu, amma ba a biyan ko kwabo. Ƙofa ta farko ita ce katalogi, wanda yake ƙarƙashin maɓallin Search da sunan Catalog. A nan wuri ake rubutawa. Idan an zaɓi gari ko gunduma, sai jerin rukunoni ya fito: ƙidaya, rajistar coci, rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati, takardun kotu, filaye, rabon gado, haraji. A duba kowane mataki daban, gari da gunduma da jiha da ƙasa, domin katalogi ba ya haɗa su. Rajistar coci takan fito a ƙarƙashin gari, rabon gado a ƙarƙashin gunduma, takardun soja a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya duba gari kaɗai ya ga abu biyu ya tashi, ya bar mafi yawa a baya.

Idan an buɗe wani tari, can ƙasa akwai jerin littattafai ko finafinai, kowanne da shekarunsa da lambarsa, da 'yar alama a gefen dama. Kyamara tana nufin ana iya ganin hotunan daga gida. Kyamara da mabuɗi a samanta tana nufin hotunan suna nan amma sai a cibiyar FamilySearch ko ɗakin karatun da ke da yarjejeniya da su. Kullewar ba daga rowa take ba: gidan adana takardun da ya mallaki littafin ne ya gindaya sharaɗi, ko dokar sirri ta ƙasar. Akwai irin waɗannan cibiyoyi a Najeriya da Gana, kuma kowa yana shiga, ba a tambayar addini. Wani lokaci mabuɗin yana bayyana ne kawai don mutum bai shiga asusunsa ba, don haka a shiga a sake dubawa. Madubin ƙara girma yana nufin an yi fihirisa, sai dai a yi hattara, yana iya kasancewa wani yanki kaɗai na fim ɗin aka kwafa, misali baftisma ban da aure da mutuwa. Alamar naɗin fim kuwa tana nufin ba a sa hotunan a intanet ba.

Akwai wata dabara ta tsofaffin finafinai da ya kamata a sani. Mai ɗaukar hoto ba ya yanke fim don littafi ya ƙare. Sai ya ɗora na gaba a kai. Fim ɗaya na iya ƙunsar littattafai shida na garuruwa daban, har na ƙasashe daban. Katalogi zai ce abin da kake nema shi ne kashi na 4, da kalmar Item. Idan ka buɗe ka ga wani gari da ba naka ba, ba kuskure aka yi ba. Ka koma tsarin ƙananan hotuna, inda ake ganin shafuka da yawa a jere kamar akwatunan ashana, ka nemi baƙaƙen allunan da ke raba kashi da kashi. Suna fita daban a cikin fararen shafuka, kuma a kansu ake rubuta wuri da irin littafi da shekaru.

Ƙofa ta biyu ita ce sashen Images, wanda aka buɗe a 2020. Sababbin hotunan da kyamarori ke ɗauka yanzu sukan bayyana a nan tun kafin a shigar da su katalogi. Shi ma da wuri ake nema, sannan a taƙaita da shekaru da irin takarda. Rauninsa shi ne bayanin da aka liƙa wa kowane tari na gaggawa ne. Ana iya rubuta 1880 zuwa 1890 alhali littafin ya kai 1904. A buɗe hoton farko da na ƙarshe a tabbatar.

Ba FamilySearch kaɗai ba ce. Kusan kowane lardi na Faransa ya sa rajistarsa a intanet kyauta, Italiya tana da dandalin Antenati, kuma gidan adana takardun ƙasashen da Faransa ta mallaka, da ke garin Aix-en-Provence, ya sa rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta zamanin mulkin mallaka, ko da yake mafi yawan waɗanda ke ciki Turawa ne da 'yan ƙasar da suka samu matsayin ɗan Faransa.

Fihirisar akawu

Da tsohuwar zuma ake magani. Littafin da kwamfuta ba ta yi wa fihirisa ba, sau da yawa akawun da ya rubuta shi ya yi masa tasa, domin shi ma ana zuwa a tambaye shi takardar wane, kuma ba zai karanta shafi ɗari biyar kullum ba. Abin da za a fara nema ke nan: hotuna goma na farko da goma na ƙarshe na littafin, sannan ƙarshen kowace shekara, sannan a duba katalogi ko akwai littafin fihirisa mai zaman kansa.

Faransa ce misalin da ya fi fito da wannan. Tun 1792 aka karɓe rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci aka ba ofishin magajin gari. Kowace shekara akawu yana yin jerin sunaye a ƙarshen littafi, kuma kowace shekara goma ana haɗa babban jeri: 1803 zuwa 1812, 1813 zuwa 1822, haka har gaba. Wanda ya san garin amma bai san shekarar haihuwa daidai ba, jerin shekara goma zai buɗe. An kasa shi uku, haihuwa da aure da mutuwa. Ya nemi harafin farko na sunan iyali, ya samu suna da kwanan wata, sannan ya koma littafin wannan shekarar. A ƙananan garuruwa jerin yakan bi harafin farko ne kawai, a cikin harafin kuma sunaye suna bin shekara, don haka sai an karanta harafin duka. Aure galibi da sunan ango ake jera shi. Mai neman mace sai ya bi layin amare da ido daga sama har ƙasa. Akwai kuma tarko guda: tsakanin 1798 da 1800 doka ta sa ana ɗaura aure a hedikwatar yanki maimakon ƙauyen ma'aurata, saboda haka auren waɗannan shekaru ba ya cikin littafin ƙauye. Ladan wahalar yana gefen shafi. Tun 1897 ana rubuta auren mutum a gefen takardar haihuwarsa, tun 1945 kuma ana ƙara mutuwarsa, da gari da kwanan wata. Hoto ɗaya sai ya nuna maka inda za ka nufa gaba, abin da fihirisar kwamfuta takan tsallake.

A Amurka littattafan cinikin filaye suna da fihirisa biyu, ta masu sayarwa da ta masu saye, kowacce tana ba da lambar littafi da shafi. A duba duka biyun. Ta masu sayarwa ta fi amfani wajen nasaba, domin bayan mutuwar uba magada ne ke sayarwa, kuma takardar takan lissafa su ɗaya bayan ɗaya har da mazan 'ya'ya mata. Ƙidaya kuma ba ta bin suna sam, gida-gida take bi yadda malamin ƙidaya ya taka. Daga 1880 an raba ƙasar yankunan ƙidaya masu lamba. Idan ka san titi, taswirar yankunan za ta ba ka lambar, sai ka karanta shafukan wannan yanki kaɗai.

Lissafin tsalle

Fihirisa ta ce shafi 214. Sai mutum ya rubuta 214 a gurbin lambar hoto ya faɗa wani wuri daban, domin lambar hoto da lambar shafi ba abu ɗaya ba ne. Hoto ɗaya yakan ɗauki shafi biyu, akwai bango da alluna a farko, akwai shafukan da aka ɗauka sau biyu saboda na farko ya yi duhu. Gyaran mai sauƙi ne. Ka tafi hoto na 50, ka duba lambar da ke saman takardar. A ce 82 da 83 ne. Saura shafi 132 ke nan, rabinsa 66, sai ka tafi hoto na 116. Ko ka kauce, da hoto biyu ko uku ne. A lura kuma wasu littattafan ganye ake ƙirgawa ba shafi ba, wato gaba da baya lamba ɗaya, wasu kuma suna da lamba biyu, ta hannu da ta hatimi, kuma fihirisa ɗaya daga ciki take bi.

Idan babu fihirisa ko kaɗan amma littafin yana bin kwanan wata, sai a yi kirdado. Littafin 1850 zuwa 1869 mai hoto 600 yana cin kusan hoto 30 a shekara, don haka 1862 tana wajen hoto na 360. A tafi can, a karanta kwanan wata, a gyara. Ko a yi ta rabawa biyu: a buɗe tsakiya, a ga ko an wuce ko ba a kai ba, a raba rabin da ya rage. Hoto dubu ba ya wuce tsalle goma ta wannan hanya. Ga mai sayen data wannan lissafi kuɗi ne, domin kowane hoto cikakke yana da nauyi.

Hanyar tana rushewa a wurare sanannu. Littafi ɗaya na iya ƙunsar baftisma da aure da jana'iza, kowanne ya fara daga shekarar farko, sai ka ga 1868 ta koma 1850 ka ɗauka ka ɓata. Wasu limaman coci, don tsimin takarda, sukan juya littafi su fara jana'iza daga baya. Littafin Larabci ko ajami daga dama yake farawa, kuma yakan faru mai kyamara ya fara daga hagu, shekaru su riƙa tafiya da baya. Mafi muhimmanci, littafi yana bin ranar da aka rubuta abu ne, ba ranar da ya faru ba. Wasiyyar da aka yi a 1840 tana shiga littafin kotu bayan mai ita ya mutu, ko da a 1861 ne. Takardar fili na iya kwana shekara goma a akwati kafin a kai ta rajista. Wanda bai samu abu a shekararsa ba ya ci gaba, kada ya tsaya.

Ido da rubutun hannu

Kafin a fara farautar suna, a zauna a karanta shigarwa biyar ko goma daga farko har ƙarshe, ko da ba na dangi ba ne. Rajista tana da ƙa'ida: kwanan wata, sunan jami'i, wanda ya kawo rahoto, sunan jariri, uba, uwa, shaidu, kullum a wuri ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Da zarar ido ya gane inda suna yake faɗowa, mutum zai iya bin shafi cikin daƙiƙoƙi ko bai iya Latin ko Fotugis ba. Kalmomin da aka riga aka sani, irin sunayen watanni, su ne mabuɗin hannun akawun: yadda ya rubuta harafi a cikinsu, haka zai rubuta shi a suna. A tsohon rubutun Turai akwai doguwar s mai kama da f. An kuma saba taƙaita watanni da lamba, inda 7ber take nufin Satumba, 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba, bisa tsohon lissafin Rumawa. Wanda ya karanta 7ber a matsayin Yuli ya kauce da wata biyu. A Ingila kafin 1752 sabuwar shekara tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka Fabrairun da aka rubuta 1740 yana zuwa bayan Disambar 1740. Faransa ta yi tata kalandar ta juyin juya hali, da aka fara ƙirga ta daga 22 ga Satumba 1792 aka soke ta a farkon 1806.

Takardunmu na Larabci da ajami da Hijira suke tafiya. Don kusantowa, a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622: shekarar 1321 ta ba da 1903. Rubutun kuma na Magariba ne irin na allo, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, wanda ke rikita wanda ya saba da bugun Gabas kaɗai.

Suna ba shi da rubutu ɗaya tsayayye. Akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Muhammadu zai fito Mamman, Mahama, Momodu. Abubakar ya fito Garba, Garuba, Bukar, Habu. Kafin shigowar haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930 babu tsayayyen bambanci tsakanin k da ƙ ko d da ɗ. A nan idon mutum ya fi akwatin bincike, domin Bahaushe yana ganin Garuba ya gane, manhaja kuwa sai an koya mata. Misali mai taɓa zuciya yana Bahiya ta ƙasar Birazil, inda aka kai Hausawa da yawa a matsayin bayi a farkon ƙarni na 19, har suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807. A littattafan coci da na rabon gado na Salbado, babban birnin Bahiya, an ba su sunayen Fotugis, abin da ya rage na asalinsu shi ne kalmar ƙabila a gefen suna, wadda ake rubutawa haussá ko aussá ko ussá. Fihirisa takan ɗauki suna da kwanan wata ta bar wannan kalma. Sai a hoton ake ganinta.

Samun suna kuma ba shi ne samun mutum ba. Gari ɗaya na iya samun mutum huɗu masu suna ɗaya a zamani ɗaya, musamman inda ake mayar da sunan kaka. Abin da ke rarrabe su shi ne na kewaye: sunan mata, sana'a, unguwa, shaidu, maƙwabcin gona. Shi ya sa ake karanta shafi biyu kafin wanda aka samu da biyu bayansa. 'Yan'uwa sukan je ofis rana ɗaya, kuma a ƙidaya gidan suruki sau da yawa shi ne na gaba.

Abin da ke akwai game da ƙasar Hausa

Gaskiya ita ce rajistar haihuwa ba ta game ƙasar Hausa ba a zamanin Turawa, saboda haka hanyar Faransa ba za ta yi aiki yadda take ba. Takardun da ke ɗauke da sunaye su ne na kotun alƙali, musamman shari'ar gado da ta gona, da wasiƙun sarakuna, da rahotannin tantance haraji na gundumomi waɗanda sukan kawo tarihin gari da jerin hakimai da dagatai, da takardun ma'aikatan En'e. Babbar ma'ajiyarsu ita ce reshen Kaduna na gidan adana takardun tarihi na ƙasa, gidan da masanin tarihi Kenneth Dike ya assasa a 1954. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na babban ɗakin karatun Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya ɗauki hoton wani ɓangare na takardun Kaduna a aikin da ke da lamba EAP535, haka kuma ya ɗauki na ma'ajiyar Tamale a arewacin Gana, inda zangunan Hausawa suke da dogon tarihi. Hotunan suna intanet kyauta, an jera su fayil-fayil, da taken fayil kaɗai. Babu mai neman suna a ciki sai ya buɗe ya karanta.

A shiga da sanin wanda takarda ta fi kamawa: mai sarauta, malami, attajiri, ma'aikaci, da wanda ya je gaban alƙali. Rahoton haraji sau da yawa adadin magidanta da shanu yake bayarwa ba sunaye ba. Kuma tunda ba mu da sunan iyali irin na Turawa, suna shi kaɗai ba ya isa. Ana buƙatar sunan uba, laƙabi, sana'a, unguwa, da sunan hakimi ko sarkin da aka yi zamaninsa. Waɗannan a bakin tsofaffin gida suke, kuma su ne ke mayar da "zamanin Sarki Alu" ko "shekarar da Turawa suka shigo Kano" zuwa shekarun da za a nema a katalogi. Hira da dattijuwar gida kafin a kunna kwamfuta tana rage aikin makonni. FamilySearch ma ta gane haka, shi ya sa take naɗar salsala daga bakin dattawa a ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya da Gana.

Rubuta sawu

Duk abin da aka samu a rubuta adireshinsa iri biyu. Na intanet: dandali, lambar tarin hotuna, wadda FamilySearch ke kira DGS, da lambar hoto cikin jimilla, misali 116 cikin 640. Na asali: sunan ofishi, sunan littafi, shekaru, shafi, lambar shigarwa. Na biyun ya fi daɗewa, domin ana sake tsara hotuna lambobi su canza. A sauke hoton nan take idan an yarda, tare da hoton bango ko allon farko, domin yarjejeniya tana ƙarewa a wayi gari an sa mabuɗi. A kuma rubuta inda aka duba ba a samu ba, da iyakar hotunan da aka karanta. Wanda bai yi haka ba zai sake karanta littafi ɗaya bayan wata shida bai sani ba.

Tun 2024 FamilySearch ta fito da binciken da manhaja ke karanta rubutun hannu da kanta, aka fara da takardun filaye da gado na Amurka da wasu takardun Meziko. Yana da amfani ƙwarai, musamman wajen tono sunan shaida ko maƙwabci da ba ya shiga kowace fihirisa. Amma bai game dukkan tari ba, yana tuntuɓe a shafi mai dishi-dishi da sunan da bai saba da shi ba, don haka shirunsa ma ba hujja ba ne.

Akwai takardun da ba a sake ba tukuna: Amurka tana riƙe ƙidaya shekara 72, shi ya sa ta 1950 ta fito a 2022, Ingila kuma shekara 100. Akwai waɗanda suka tafi ke nan: mafi yawan ƙidayar Amurka ta 1890 ta lalace sanadin gobarar 1921, rajistar Faris, babban birnin Faransa, ta ƙone a 1871, ma'ajiyar Dublin ta ƙasar Ailan a 1922. Ko a nan a tambaya ko an yi kwafi na biyu. Faransa tana rubuta rajista biyu, ɗaya a gari ɗaya a kotu. Cocin Ingila daga 1598 ya riƙa aika wa bishop kwafin rajistar kowace shekara. Idan shafin da ake nema ya yage ko ruwa ya cinye shi a littafin gari, a koma katalogi a duba matakin gunduma ko na lardi, domin kwafin yakan zauna a can ƙarƙashin wani suna da wata lamba.